Daga rijiyar Lintong zuwa rijiyar Dufuna: wa mai haƙa zai faɗa wa?

Idan rani ya kama a ƙasar Itas ta Katagum, aka gama sussuka hatsi ya shiga rumbu, aikin da ke tashi na tonon ƙasa ne. Wani yana yasar tsohuwar rijiya, wani yana haƙa sabuwa a fadama saboda noman rani, wani kuma yana ɗibar ƙasa a kududdufin bayan gari zai yi tubali kafin damina. Da wuya a samu magini ko mai haƙar rijiya da bai taɓa jin diga ta daki wani abu da ba dutse ba. Galibi tsingaron tukunya ne mai zane irin wanda matan yanzu ba sa yi, wani lokaci dutsen niƙa, wani lokaci kashin maƙera. Sai a jefar gefe a ci gaba da aiki, don ba wanda ya taɓa ce wa mai haƙa abin yana da wani amfani.

Irin wannan aiki wasu manoma suke yi a watan Maris na 1974 a gundumar Lintong, gabas da birnin Shi'an na ƙasar Sin. Fari ya matsa musu, suka shiga haƙa rijiya. Ba su yi nisa sosai ba sai ga gutsattsarin gasasshen yumɓu, sai ga kan mutum na yumɓu, sai ga tsinin kibau na tagulla. Abin da ƙauyen ya fara yi bai bambanta da abin da za a yi a kowane ƙauye ba. Wasu suka ce abin tsafi ne, a yi hattara da shi. Tsinin kiban kuwa aka kwashe aka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, aka ɗora a sikeli.

Da a nan maganar ta tsaya, da duniya ba ta ji komai ba. Amma a Lintong akwai wani ɗan ƙaramin gidan adana kayan tarihi, a cikinsa akwai ma'aikaci mai suna Jao Kangmin. Labari ya iso masa, ya je ƙauyen, ya tattara gutsattsarin, ya zauna yana haɗa su ɗaya bayan ɗaya har mutum ya miƙe tsaye a gabansa, da sulke da ɗaurin gashi. Lokacin kuwa ba na wasa ba ne, domin ƙasar Sin tana cikin Juyin Al'adu na Mao, zamanin da ake farfasa tsofaffin abubuwa da sunan kawar da tsohon tunani. Jao ya ji tsoron abin da zai samu kayan, ya yi shiru da maganar, sai da wani ɗan jarida da ya zo ganin gida ya gani ya rubuta wa Beijin. Daga nan gwamnati ta turo masu haƙa.

Abin da suka tarar ya wuce tunanin kowa. Runduna ce sukutum ta yumɓu, an jera ta sahu-sahu cikin ramuka a gefen kabarin Cin Shi Huwang, sarkin da ya haɗe ƙasar Sin ƙarƙashin mulki ɗaya a shekara ta 221 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam, ya mutu a ta 210. An ƙiyasta sojojin sun kai 8,000, kowane tsayinsa kamar na mutum, ga dawakai ɗaruruwa, ga karusai. Akwai maharba a durƙushe, akwai dakaru, akwai manyan hafsoshi, fuskar wannan ba irin ta wancan ba. Babban ramin kaɗai tsawonsa mita 230 ne. Magina sun yi ƙafafu da gangar jiki da hannuwa daban-daban suka harhaɗa, shugabannin aikin kuma suka buga sunayensu a jikin kayan, yadda in an ga aibi za a san wanda za a tuhuma. Tsohon marubucin tarihinsu, Sima Ciyan, ya ce mutum 700,000 aka sa aikin kabarin, ya ce kuma an yi koguna na zaiba a ciki. Da masu bincike suka auna ƙasar tudun a zamanin nan, sai suka tarar zaibar da ke cikinta ta fi ta kewaye yawa nesa ba kusa ba.

Mutane sukan tsaya a kan yawan mutum-mutumin su yi ta mamaki. Abin da ya fi cancantar a duba shi ne shawarar da aka yanke bayan an gan su. Ba a kwashe su an kai babban birni ba. An bar su inda aka same su, aka gina rumfa a kan ramin, aka buɗe wurin ga jama'a a ranar 1 ga Oktoba, 1979. A 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yau miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara, kuma mai otal da direba da mai abinci da mai sayar da 'yan ƙananan sojojin yumɓu duk a nan suke ci. Shi kansa kabarin sarkin har yanzu ba a buɗe shi ba, da gangan. Sun koyi darasi daga sojojin: an binne su da fenti mai launi iri-iri, amma da iska ta taɓa su sai fentin ya nannaɗe ya zube cikin 'yan mintuna. Suka ga gara a jira har a samu dabarar da za ta kare abin da ke ciki.

Manoman da suka tono dai ba su ci wata riba ta a zo a gani ba. An karɓi gonakin ƙauyen don aikin, ladan da aka ba su kaɗan ne, ɗaya daga cikinsu, Yang Jifa, ya ƙare yana zaune a shagon gidan tarihin yana sa hannu a littattafan da baƙi ke saye. Wannan ɓangaren bai kamata kowa ya kwaikwaya ba.

Shekara goma sha uku bayan rijiyar Lintong, a 1987, wani makiyayi Bafillatani, Malam Ya'u, yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta Jihar Yobe ta yanzu, kusa da kogin Komadugu Gana, wanda a saman ruwa ake kira kogin Misau. Wajen mita biyar a ƙasa ya ci karo da itace. Labari ya kai ga hukuma. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ƙarƙashin Abubakar Garba da Peter Breunig, suka fito da abin gaba ɗaya: kwalekwale ne da aka sassaƙa, tsawonsa ya ɗara mita takwas. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Ya girmi sojojin Shi'an da kusan shekara dubu shida.

Yana Damaturu. Daga Azare mutum zai bi ta Potiskum ya je ya dawo a wuni guda. To, ɗalibi nawa a makarantun Itas da Gadau da Azare aka taɓa ɗauka a mota aka kai su gan shi? Malami nawa ya taɓa ambatarsa a aji? A Dufuna kuwa babu wata rumfa da aka gina da ta mayar da garin wurin zuwa, ko da ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na ta Lintong.

In kuma maganar mutum-mutumin yumɓu ce da ke da alaƙa da binne mamata, Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1928 masu haƙar kuza suka tono na farko kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu. A 1943 aka kawo wa wani jami'in Turawa, Bernard Fagg, wani kai na yumɓu daga yankin Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi har shekara guda. Mutum-mutumin da ya haura shekara dubu biyu ya koma mutum-mutumin gona. Fagg ya lura da kamannin wannan da na Nok, ya bi sawu, kayan da aka tara suka zama ginshiƙin gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Binciken da Jami'ar Frankfurt ta fara a 2005 ya nuna al'ummar Nok ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, sun kuma fara ƙera waɗannan siffofi ƙarnoni kafin a haifi Cin Shi Huwang. An samu da yawa daga cikinsu a farfashe, an binne su da gangan kusa da jerin duwatsun da masanan ke ganin kaburbura ne. Mutanen Nok kuma suna cikin waɗanda suka fara narka tama a wannan yanki, kamar yadda matoyan Taruga suka nuna.

Sai dai masu binciken sun tarar mafi yawan wuraren an riga su. A shekarun 1990 dillalai suka bazu ƙauyuka, suka ɗauki matasa haya suna tona gonaki, ana fitar da kaya ta kan iyaka zuwa kasuwannin Turai. A wannan guguwa ne duniya ta san wasu siffofin yumɓu guda biyu da ke ɗauke da sunayen ƙasar Hausa, waɗanda 'yan kasuwar kayan tarihi ke kira na Katsina da na Sakkwato, an kuma kwashi da dama a kewayen Kwatarkwashi ta Zamfara. Na Sakkwato suna da gira mai nauyi da ta rufo ido, na Katsina sau da yawa mutum ne zaune a kan tulu. Nan ne hasarar ta fi ciwo. Mai binciken tarihi ba siffar kaɗai yake karantawa ba. Yana duba zurfin da aka same ta, da gawayin da ke gefenta wanda da shi ake gane shekaru, da tukwanen da ke tare da ita, da ko akwai ƙashin mutum. Ɓarawo in ya fizge siffar ya watsar da duk wannan, sai a samu kyakkyawan kai a akwatin gilashi a Turai ba a san garinsa ba, ba a san wanda aka binne da shi ba. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa kayan Nok da Katsina da Sakkwato cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa. A shekarar ce kuma aka ga biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato a gidan tarihi na Louvre a Paris, gwamnatin Faransa ta saye su a kasuwa. Bayan surutu ya yi yawa, a 2002 aka daidaita cewa na Najeriya ne, amma za su zauna a Faransa aro na shekara 25 da za a iya sabuntawa.

Nijar ma ta ɗanɗana. A 1975 aka gano makabartar Bura a yammacin ƙasar, Boube Gado na jami'ar Yamai ya haƙa ta a 1983 ya samu tulunan binne mamata ɗaruruwa, wasu da kawunan mutane a samansu, har da mahayin doki. Da aka nuna kayan a Faransa a farkon shekarun 1990, farashinsu ya tashi, 'yan tono suka yi wa yankin kaca-kaca.

Inda aka yi aikin bisa ƙa'ida, ƙasa ta yi magana. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, akwai tuddan kushewar sarakunan da. Baturen mulki Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake haƙa wasu a 1992. An samu 'yan kunne na zinariya, da warwaron hauren giwa, da wuri, da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen Musulmi na gabas. Wannan shaida ce a hannu cewa ƙasar Katsina tana cinikayya da nesa tun ƙarnoni da dama kafin Turawa su san hanyarta. Da ɗan tono ne ya riga zuwa, da zinariyar ta narke a wurin maƙeri, maganar ta mutu.

Akwai wata magana da ba a cika faɗa a fili ba, alhali ita ce a zuciyar mai haƙa idan ya ga fuska ta leƙo daga ƙasa: gunki. Musulmi ne, ya san hukuncin shirka, ba ya son a gan shi da abin da za a ce na tsafi ne. Saboda haka ko ya farfasa, ko ya mayar ya rufe, ko ya sayar a ɓoye ga baƙon da ya zo da kuɗi. Mai wannan shafi ba malamin fatawa ba ne, amma yana ganin malaman Katagum sun isa su zauna su yi wa jama'a bayani a kan bambancin abin da ake bauta wa da abin da aka ajiye don shaida da izina. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da dama da a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Musulmi sun shiga Masar tun zamanin Halifa Umar, ga siffofin Fir'aunoni nan har yau a ƙasar da Azhar take. Saudiyya ta sa Hijr, wato Mada'in Salih, cikin jerin UNESCO a 2008, tana kuma kai baƙi, ko da yake akwai malaman da ba su gamsu ba. Shi kansa Cin Shi Huwang, wanda ya yi ta aika mutane neman maganin mutuwa, ya tara runduna ta yumɓu ta tsare shi a kabari, bai kai shekara hamsin da haihuwa ba ya mutu, daularsa kuma ta rushe cikin shekara huɗu. Mai wa'azi ba zai rasa abin faɗa a gaban wannan rami ba.

Ba wanda ke cewa akwai rundunar yumɓu a ƙarƙashin Itas, kuma duk jami'in da ya tashi a taro ya yi alkawarin miliyoyin 'yan yawon buɗe ido yaudarar kansa yake yi. A watan Fabrairu na 2017 aka sace Breunig da abokin aikinsa a Janjala ta Jihar Kaduna suna bakin aiki, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka bi sawun masu garkuwar. Baƙon waje ba ya zuwa inda ake haka. Najeriya duk girmanta wurare biyu kacal take da su a jerin UNESCO, Sukur ta Adamawa da kurmin Osun na Osogbo. Amma yawancin masu cika Shi'an 'yan ƙasar Sin ne da kansu, iyalai da 'yan makaranta. Baƙon farko na gidan tarihi ɗan gida ne.

Ƙasar Katagum kuwa tana da abin nunawa da abin nema. Kafin Malam Zaki ya kafa masarautar a farkon ƙarni na 19, akwai tsofaffin garuruwan Shira da Tashena da Auyo, kowanne da sarautarsa da harshensa. Shiranci da Tashenanci da Auyakanci duk sun mutu, babu mai magana da su yau, jikokin masu su Hausa suke yi. Mutanen da harshensu ya ɓace, abin da ya rage da zai ba da labarinsu shi ne abin da ke cikin kufansu. A duwatsun Shira akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda ke cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa, kamar na Birnin Kudu da ke maƙwabtaka. Lokacin da Bature matafiyi Clapperton ya iso Katagum a Janairun 1824 ya tarar da birni mai ganuwa biyu da gwalalo uku, abokin tafiyarsa Oudney kuma ya rasu a Murmur cikin watan. Tun da aka mayar da fadar zuwa Azare a 1916, tsohon garin ya koma gefe. Kowace damina ruwa na cin abin da ya rage na ganuwa a garuruwa irin wannan, kowane rani masu ɗibar ƙasa na ƙarasa sauran.

Doka tana nan. Tun 1979 aka kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, aka hana cinikin kayan tarihi da fitar da su ba da izini ba. Amma manomin Itas bai san ofishinta ba, bai san lambar kowa a cikinta ba, kuma yana tsoron in ya kai rahoto a karɓe gonarsa ko a kira shi ofishin 'yan sanda. Dillali kuwa har gida yake zuwa, da kuɗi a aljihu. Muddin haka abin yake, dillali zai ci gaba da riga gwamnati.

Abin da Lintong take da shi a 1974 wanda Itas ba ta da shi yau ba kuɗi ba ne, mutum ɗaya ne da ɗaki ɗaya. Wannan bai fi ƙarfin masarauta da ƙaramar hukuma ba. Hanyar kai labari tana nan tun kaka da kakanni, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa fada, sai dai a ƙara mata wannan aiki, a kuma shelanta a masallatai da kasuwanni cewa wanda ya tono tsohon abu ya bar shi inda yake, ya ɗauki hotonsa da waya, ya faɗa wa mai unguwa, gonarsa tana nan tasa, kuma akwai tukwici. Jami'ar jiha tana Gadau, cikin ƙaramar hukumar Itas/Gadau, yanzu tana ɗauke da sunan Sa'adu Zungur. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da sashen da ke horar da masu wannan bincike shekara da shekaru. In jami'o'in biyu suka haɗa kai, ɗalibai za su iya zagaya gundumomi a hutun rani su rubuta kowane kufai da sunansa da abin da tsofaffi ke faɗa a kansa, tun tsofaffin suna raye.

Kira dai ga Majalisar Masarautar Katagum da shugabannin ƙaramar hukumar Itas/Gadau da hukumar jami'ar Gadau: a ware ɗaki guda a Azare ko a harabar jami'a, a ɗauki ma'aikaci guda da ya karanci fannin, a ba kowane dagaci lambar wayarsa kafin masu haƙar rijiya su sauka fadama a ranin bana.